Lakar Bayan Gida ta Birni: Yadda Ake Shiga Zaman Jin Ra'ayin Jama'a a Kanta

Duk birnin da ya gina matatar ruwan ƙazanta ya ɗauko wa kansa aiki na biyu, wanda ba a cika ambatonsa ranar bikin buɗe matatar ba. Ruwan bayan gida da na wanka da na wanke-wanke yana shiga matata, a tace shi, a sake shi cikin kogi ko teku. Abin da aka tsame daga cikinsa kuwa yana nan, baƙar laka mai kauri, kuma kullum sai ta taru, ranar aiki da ranar hutu. Dole a sama mata wurin zuwa na shekara ashirin ko talatin. Shi ya sa hukumomin birane kan tsara shiri mai dogon zango a kanta, a wurare irin su lardin Birtish Kolombiya na Kanada kuma doka ta wajabta musu jin ta bakin jama'a kafin a amince da shirin.

Wannan jagora ce ga wanda aka gayyata irin wannan zama, ɗan unguwa ne ko manomi, kansila ne ko ɗan jaridar da aka tura ɗauko rahoto. Na kafa ta a kan birnin Biktoriya, hedikwatar wannan lardi, domin abin da ya same su ya ƙunshi kusan duk tambayoyin da ya kamata a yi.

Abin da ya faru a Biktoriya

Biktoriya tana kudancin tsibirin Bankuba. Shekara da shekaru birnin yana tura ruwan ƙazantarsa teku ta mashigin Juan de Fuca, ba abin da ake yi masa sai tare manyan tarkace da raga. Mutanen jihar Washington ta Amurka da ke ƙetaren ruwan sun daɗe suna ƙorafi. A ƙarshen 2020 sabuwar matatar McLoughlin Point ta fara aiki, cikin wani gagarumin shiri da ya ci kimanin dalar Kanada miliyan 775. Daga matatar ana tura lakar ta bututu mai tsawon kusan kilomita 19 zuwa wata masana'anta a harabar babban jujin Hartland. A can ake ruɓar da ita, a matse, a busar, ta fito busassun ƙwayoyi, kimanin tan 10 kowace rana.

Nauyin yana wuyan hukumar yankin babban birnin, wadda ake kira CRD, mai ƙananan hukumomi 13 da yankunan karkara 3. Tun 2011 majalisarta ta hana zuba irin wannan laka a ƙasar yankin. Da aka rufe wannan ƙofa, sai aka jingina da guda ɗaya: a riƙa lodin ƙwayoyin a mota, a ƙetara ruwa da su zuwa masana'antar siminti ta Lafarge da ke Richmond, a ƙona su a matsayin makamashi. A takarda shirin ya yi kyau. Amma masana'antar siminti tana da nata lokutan gyara da tsayawa, kuma duk ranar da ba ta karɓi kaya ba, laka ba ta fasa fitowa. Sai aka koma binne ta a Hartland wata da watanni, abin da gwamnatin lardi ba ta lissafa shi cikin cin moriya, alhali sharaɗinta shi ne a ci moriyar lakar. A 2023 aka sassauta haramcin, aka fara kai wani kaso ramin haƙar tsakuwa a Cassidy, kusa da Nanaimo, don farfaɗo da ƙasar wurin. Shugabannin yankin Nanaimo sun nuna rashin jin daɗinsu, kuma ina ganin suna da hujja. Abin da yanki ya ce bai dace da ƙasarsa ba, da wuya ya gamsar da maƙwabci cewa ya dace da tasa.

Lardi ya ba CRD wa'adin watan Yunin 2024 ta kawo shiri mai ɗorewa. A farkon shekarar aka buɗe wa jama'a ƙofa.

Ka fara sanin lakar kanta

Wanda bai san yadda ake sarrafa abu ba, tambayarsa ba ta cika kama nama ba. Lakar da ta kwanta a tankunan matata kusan duk ruwa ce. Ana zuba ta a manyan tankuna rufaffu da iska ba ta shiga, galibi a riƙe ɗuminta tsakanin digiri 35 da 37, na mako biyu zuwa uku ko fiye. Ƙwayoyin halitta su cinye wani kaso, su fitar da gas mai kama wuta, wanda matata kan mayar wajen ɗumama tankunan ko busar da lakar. Daga nan inji ya matse ta, ta zama dunƙule mai damshi, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari jiki, sauran ruwa. In an wuce da ita na'urar busarwa, jikin yakan haura kashi 90.

Wannan lissafin ruwa shi ne wuri na farko da mutane ke rikicewa a zauren taro. Ɗauki tan 100 na matsattsiyar laka mai jiki kashi 25. Ainihin abin da ke cikinta tan 25 ne. In an busar da ita zuwa kashi 90, nauyinta zai dawo kimanin tan 28. Abu ɗaya ne, amma na farko yana buƙatar motoci sama da ninki uku na na biyu. Saboda haka duk inda ka ga an rubuta tan kaza, ko kuɗi kaza a kowane tan, ka tambaya: jiƙaƙƙe ko busasshe? Na sha ganin tebur ya jera farashin hanyoyi biyu kusa da juna, ɗaya da jiƙaƙƙen tan, ɗaya da busasshe, mai karatu ya ɗauka ta farkon ta fi araha nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne aji. Dokar Amurka ta 1993 ta raba sarrafaffiyar laka gida biyu, Aji A da Aji B, dokar Birtish Kolombiya ma haka ta yi. Ma'aunin shi ne yawan ƙwayoyin cutar hanji da suka rage: a Aji A ƙasa da 1,000 a kowane giram busasshe, a Aji B ƙasa da miliyan 2. Ta Biktoriya Aji A ce. Jami'ai za su maimaita maka wannan sau da yawa, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai ka san iyakar abin da ajin ya ƙunsa. Yana magana a kan ƙwayoyin cuta, doka kuma ta sa iyaka ga wasu ƙarafa masu guba irin su dalma da zaiba da kadmiyam. Bai ce komai ba a kan ragowar magungunan da mutane suka sha, da ɓurɓushin roba, da sinadaran da ake kira PFAS. Zafin busarwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya taɓa ƙarfe, ba ya rusa PFAS.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ta fi kowace arha kuma ake mantawa da ita: me ke shiga bututu tun daga sama? Lakar garin da ba shi da masana'antu daban take da ta garin da ke da masana'antar takarda ko ta fenti ko ta jima. Mai karatu na Kano ya san wannan ba sai an faɗa masa ba. Manoman kewayen birnin sun daɗe suna sayen takin cikin gari, amma wanda ya san sinadarin kuromiyam da majemun zamani na Challawa da Sharada ke aiki da shi ba zai so ruwansu ya haɗu da takin da za a kai gonarsa ba. A kowane birni, ka nemi a nuna maka dokar da ta hana masana'antu zuba guba a magudana, da yawan binciken da aka yi musu bara, da wanda aka hukunta. Abin da aka tare a bakin bututu ba sai an kashe kuɗin cire shi daga laka ba.

Hanyoyin da za a shimfiɗa maka

Ba su da yawa. Zubawa a teku ya zama tarihi: Amurka ta haramta shi da dokar 1988, birnin New York ya daina a 1992, Tarayyar Turai ta rufe ƙofar a ƙarshen 1998. Binnewa a juji yana cin wuri, yana fitar da gas mai ɗumama yanayi, hukumomi da yawa ba sa yarda da shi sai a halin larura. Saura biyu: a mayar da ita ƙasa, ko a sa mata wuta.

Mayarwa ƙasa ita ce ta fi tayar da jijiyar wuya, don haka zan daɗe a kanta. Amfaninta ba ƙarya ba ne. Lakar tana ɗauke da naitirojin da fosfaras, manyan sinadarai biyu da manomi ke saye a buhun taki, tana kuma sa ƙasa ta riƙe ruwa. Birnin Milwaukee na Amurka tun 1926 yake sayar da tasa a buhu da sunan Milorganite. Kimanin rabin lakar Amurka ƙasa take komawa. Kuma ba gonar abinci kaɗai ake nufi ba: akwai dazuzzukan katako, akwai tsofaffin ramukan ma'adinai da na tsakuwa da ake son ciyawa ta sake fitowa a kansu. In takardar tambayoyi ta cure waɗannan duka a layi ɗaya, ka nemi a rarraba su, domin mutum na iya yarda da ramin tsakuwa ya ƙi gonar latas.

Tsoron ma ba ƙarya ba ne. Sinadaran PFAS ana sa su a tukwanen da abinci ba ya kamawa, da tufafin da ruwa ba ya ratsawa, da takardun naɗe abinci, da kumfar kashe gobara. Ba sa ruɓewa, suna taruwa a ƙasa da ruwan rijiya da jikin dabba da na mutum. A jihar Maine ta Amurka an gano su da yawa a wata gonar shanun madara a Arundel a 2016, gonar da aka daɗe ana zuba mata laka. Bincike ya faɗaɗa, aka sami wasu gonakin, wasu manoma suka daina sayar da madara da kayan lambu. A 2022 Maine ta haramta zuba lakar matata a ƙasa gaba ɗaya. Ya kamata a sani cewa sharar masana'antun takarda tana da hannu a wasu daga cikin wuraren da abin ya fi muni, don haka ba kowane gari ne Maine ba. Amma wanda ya taso da maganar a taro ba mai tada zaune tsaye ba ne, kuma amsar da ta dace da shi alƙaluma ne: an gwada lakarmu? Yaushe, sau nawa, a wane ɗakin gwaji, me aka samu, da wane ma'auni aka kwatanta? Ra'ayina shi ne duk hukumar da ta kira mutane zama a kan zuba laka a ƙasa ba tare da ta buga sakamakon wannan gwaji ba, ba ta shirya zaman ba tukuna.

In ana batun ƙasa, ka kuma tambayi tazarar da za a bari tsakanin wurin zubawa da rijiyoyi da rafuka da gidaje, da yawan da za a zuba a kowace hekta, da lokacin shekara, da wanda zai biya diyya in bayan shekara goma aka ga illa. Tambayar diyyar ce manomi ya fi buƙata, ita ce kuma aka fi tsallakewa.

Wuta iri-iri ce. Akwai ƙonawa kai tsaye a tanderu mai zafin da ya kai digiri 850, a rage da toka. Suwizalan ta hana takin laka tun tsakiyar shekarun 2000, ƙonawa take yi. Jamus ta yi doka a 2017 da ta wajabta wa manyan matatu su riƙa ciro fosfaras daga laka ko tokarta daga 2029, don kada sinadarin ya salwanta. Akwai ƙonawa a tanderun siminti, inda zafi ke kaiwa digiri 1,450 kuma tokar ta shige cikin simintin. Kada ka ɗauka mazauna kusa kullum suna ƙin wuta. A Toronto, da yawa daga maƙwabtan matatar Highland Creek sun gwammace sabon tanderu a kan motocin laka su riƙa ratsa unguwarsu kullum, kuma bayan shekaru ana ja-in-ja tanderun aka zaɓa.

Sai sabuwar hanya da mutane ke ɗoki, wadda ake gasa busasshiyar laka da zafi mai tsanani ba iska ko da iska kaɗan, kamar yadda ake yin gawayi, a sami gas da wani baƙin gari mai amfani ga ƙasa. Birnin Logan na Ostireliya ya buɗe irin wannan masana'anta a 2022. Akwai alamun tana rage PFAS sosai, shi ya sa take da farin jini. Tambayoyinka a nan su ne: a ina take aiki da girman da muke buƙata, shekara nawa ta yi, kwana nawa take tsayawa a shekara, me ke fita ta bututun hayaƙi, wa zai sayi garin? Kuma shekara nawa kafin tamu ta fara aiki, domin a duk waɗannan shekaru laka na fitowa.

Yadda zaman ke tafiya, da inda ya kamata ka sa ƙarfinka

Mutane da yawa sai ranar babban taro suke jin labari, alhali an riga an yi rabin aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a kira jama'a, hukuma takan ɗauki kamfanin injiniyoyi ya rubuta rahoton hanyoyin da za a iya bi, ta kuma kafa kwamitin ba da shawara mai ƙwararru da wakilan al'umma. Biktoriya ta yi duka biyun. In da hali ka nemi kujera a kwamitin, in babu ka karanta bayanan zamansa. A nan ake yanke waɗanne hanyoyi za su kai gaban jama'a, waɗanne za a zubar tun a hanya.

Rahoton injiniyoyi yakan yi kauri, amma ba sai ka karanta shi duka ba. Nemi teburin da aka ba kowace hanya maki. Sannan ka duba abin da ke bayan makin, wato nauyin da aka ba kowane ma'auni. A ce, don misali, cikin maki 100 an ba kuɗi 40, an ba wari da zirga-zirgar motoci 5. Kafin a auna ko da hanya ɗaya, an riga an faɗi wadda za ta ci. Wannan rabon nauyi ba aikin injiniya ba ne, zaɓi ne na abin da al'umma ta fi damuwa da shi, kuma a nan ne ɗan unguwa ya fi kowa haƙƙin magana. Ka tambayi wanda ya raba nauyin. Ka roƙi a sake lissafin da wani rabon, a ga ko wadda ta ci za ta sake ci. In ta sake ci, shirin yana da ƙarfi. In ta faɗi da ɗan canji kaɗan, majalisa tana buƙatar sanin haka kafin ta kaɗa ƙuri'a.

Takardar tambayoyi iri biyu ce, Biktoriya kuma ta yi amfani da duka. Akwai buɗaɗɗiya a intanet, wadda duk mai so zai cike. Akwai kuma wadda kamfanin ƙididdiga ke zaɓen mutane domin su wakilci dukan yankin. Sakamakon irin waɗannan biyu bai cika zuwa ɗaya ba, domin ta farko masu zafin damuwa ne ke cike ta, ta biyu kuma tana ɗauko har waɗanda ranar suka fara jin batun. Kowacce tana da abin da take faɗa. Kada ka yarda a jefar da ta farko da sunan 'yan tsiraru ne masu surutu, domin sau da yawa su ne ke zaune kusa da juji ko hanyar motoci. Kada kuma ka ce ita ce muryar gari gaba ɗaya.

Ranar taro, ko a zaure ko ta intanet, za ka tarar da alluna da taswirori da ma'aikata. Ka je da tambaya uku ko huɗu a rubuce, kada ka je da huɗuba. Ka yi wa ma'aikatan ladabi, galibinsu aikinsu suke yi da gaskiya, kuma wanda ke kula da na'urar busarwa ya fi kowa sanin sau nawa take lalacewa. In aka ba ka amsa da baki, ka roƙi a sa ta a rubuce. In aka ce za a bincika, ka tambayi ranar da za a dawo maka.

Abin da ya fi nauyi shi ne takardar da ka rubuta, domin ita ke shiga kundi. Shafi ɗaya ya isa. Ka faɗi ko kai wane ne da yadda abin ya shafe ka, ka ambaci shafin rahoton da kake magana a kai, ka faɗi abin da kake so a yi. Kwatanta waɗannan biyu. Wani ya rubuta: ba mu yarda a kawo mana guba ba. Wani ya rubuta: gidana yana kan hanyar da taswira ta nuna motoci za su bi, akwai makarantar firamare a kanta, ina roƙon a faɗi yawan motoci a rana, a kuma sa sharaɗin kada su wuce lokacin zuwa makaranta da tashi. Na farko za a ƙirga shi cikin masu adawa, a wuce. Na biyu dole wani ya zauna ya amsa shi, kuma yana iya zama sharaɗi a kwangila. Takarda goma da kowa ya rubuta da bakinsa sun fi ɗari da aka kwafa daga guda.

A Kanada akwai wata tuntuɓa ta dabam da al'ummomin asali na ƙasar, waɗanda a yankin Biktoriya suka haɗa da Songhees da Esquimalt da al'ummomin zirin Saanich, inda jujin Hartland yake. Kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar a shari'ar Haida ta 2004 cewa tuntuɓarsu wajibi ce a kan gwamnati in abu zai taɓa haƙƙinsu. Ba a cusa su cikin layin sauran jama'a, zama ake yi da su tsakanin hukuma da hukuma.

Bayan an rufe karɓar ra'ayi, za a fitar da rahoton abin da aka ji. Ka neme shi, ka duba ko damuwarka ta fito yadda ka faɗe ta. In an tauye ta, ka rubuta gyara kafin ranar zaman majalisa. Ranar zaman akan ba wanda ya yi rajista 'yan mintuna ya yi magana. Ka tuna cewa jin ra'ayi ba zaɓe ba ne, 'yan majalisa ne za su yanke, lardi kuma ya amince ko ya ƙi. Abin da kake da haƙƙi a kansa shi ne a nuna maka a fili yadda maganar jama'a ta canza shirin, ko dalilin da ya sa ba ta canza shi ba.

Tambayar da ba za ka bar zauren ba sai ka yi ta

In hanyar da kuka zaɓa ta tsaya gobe, ina motar jibi za ta nufa?

Da za a ce in zaɓi tambaya ɗaya, ita zan zaɓa, domin tarihin wannan sana'a cike yake da shirye-shiryen da suka tsaya da ƙafa ɗaya. A Toronto masana'antar busar da laka ta Ashbridges Bay ta kama wuta a 2003, birnin ya koma kai laka juji a jihar Michigan, a 2006 jujin ya daina karɓa. A 2018 taragun jirgin ƙasa ɗauke da lakar New York sun yi fiye da wata biyu a tsaye a ƙaramin garin Parrish na jihar Alabama, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba suka kwana cikin wari. Maine ma, bayan haramcin 2022, laka ta yi wa babban jujinta yawa, har a 2023 aka riƙa kai wani kaso lardin New Brunswick na Kanada. Ban kawo wannan don in ce haramcin kuskure ba ne. Na kawo shi ne don a ga cewa duk ƙofar da aka rufe, lakar takan fita ta wata, kuma yawanci ta ƙofar mutanen da ba a gayyata taron ba.

Saboda haka in ka ce a'a ga wata hanya, ka faɗi wadda ka yarda da ita, da abin da ka yarda ka ɗauka a kanta, ƙarin kuɗin ruwa ne ko ƙarin motoci. Ka kuma tambaya ko an tuntuɓi garin da za a kai wa kayan. Ka nemi sanin kwana nawa rumbun ajiya zai ɗauka kafin ya cika, da ko akwai kwangila a hannu da mai karɓa na biyu da na uku, domin suna a takarda ba kwangila ba ne.

Shirin da CRD ta miƙa a 2024 ya nuna an ɗauki wannan darasi. Hawa uku aka yi masa. Na farko, wanda aka fi so, shi ne sabuwar hanyar gasawa, a fara da masana'antar gwaji. Na biyu shi ne hanyoyin wajen yankin da doka ta yarda da su, har da tanderun siminti. Na uku shi ne hanyoyin cikin yankin, in na biyun sun gaza. Mutum na iya jayayya da jerin, musamman yadda aka sa ƙasar maƙwabta gaba da ta gida, kuma ni ma ina da wannan jayayyar. Amma yanzu an rubuta inda za a nufa in hanya ta toshe, abin da shirin farko bai tanada yadda ya kamata ba.

Bayan ƙuri'a, aikin ɗan unguwa yana komawa bibiya. Ka tabbata shirin ya faɗi sau nawa za a gwada lakar a shekara da inda za a buga sakamakon, ya faɗi lambar da za a kira in wari ya tashi da wa'adin amsawa, ya kuma sa ranar da za a sake duba shi. Shekara biyar ta isa, domin ma'aunan PFAS suna canzawa: a watan Janairun 2025 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da daftarin nazarin haɗarin biyu daga cikin waɗannan sinadarai a lakar matata. Ka nemi a sa sharaɗi a kwangila cewa in doka ta tsananta, birni zai iya sauya hanya ba tare da biyan tara mai nauyi ba. Rahoton kowace shekara kuma ya nuna tan nawa ya tafi kowace hanya, a busasshen awo, har da wanda aka binne.